Daga Gindin Gawo: Ƴan Rakiyar Da Ke Cikin Ƙwayar Hatsi

 

Makon jiya tafiya ta kai ni Matamaye. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da ta taso daga Damagaram, ta ratse a Takeita, ta bi ta Kance, a ƙarshen watan Oktoba, ya san abin da ido ke gani. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, kara ya bushe, ciyawa ta yi fari, amma gawo, wanda ya ƙare damina tsirara kamar mataccen icce, shi yanzu ne ya ɗauko sabuwar riga tsanwa ya sa. Da la'asar na je gai da wani dattijo mai sayar da hatsi, aminin mahaifina, na iske shi a gindin wani gawo yana ƙidayar buhunna. Bayan mun gaisa sai ya ɗaga kai ya dubi iccen, ya ce mini, "Kai ɗana, ku da kuka yi lakkol har kuka gama lise, gaya mini. Gawo da hatsi gona ɗaya suke, ruwa ɗaya ke dukansu, rana ɗaya ke gasa su. Wa ke gaya wa wannan ya yi ganye, ya gaya wa wancan ya kakkaɓe nasa?" Na ce, "Baba, ikon Allah ne." Ya yi dariya ya ce, "Wannan kam na san shi tun ba a haife ka ba. Hanyar da ikon ke bi nake tambaya. In ba ka sani ba, kuɗin kaye da biro da ubanka ya kashe sun tafi banza."

Na komo gida da kunya, na shiga bincike. Abin da na samo shi zan baje muku yau, kuma ya shafi duk abin da ke tsirowa a bisa ƙasa, tun daga gawo har yakuwar bayan ɗaki.

Littafi ɗaya, karatu dabam-dabam

Mu fara da abin da kowane mutumin Matamaye ya sani. Mai lambun rake a fadamun Koroma ba ya shuka ƙwaya. Sara yake yi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da idonta, ya binne. Bayan ƴan kwanaki sai ka ga daga gaɓar nan guda saiwa ta nufi ƙasa, toho ya nufi sama. Haka mai rogo ke yi da nasa icce. Ashe ke nan duk umurnin da ake bukata domin a gina saiwa da kara da ganye yana nan a ajiye cikin ɗan guntun da aka binne.

Masana sun tabbatar da haka. Jikin kowane tsiro, kamar jikin ɗan Adam, an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Mu kira su ƙwayoyin rai. A cikin kowace ƙwayar rai akwai cibiya, a cikin cibiyar kuwa akwai wani zare siriri ƙwarai da ake ce wa ADN, wanda a kansa aka jera umurnin gado da haruffa iri huɗu kacal. Rubutun ya kasu babi-babi, kowane babi da aikin da yake sa a yi: wannan na launin ganye, wancan na tsawon kara, wancan na lokacin fid da zangarniya. A shekarar 2017 wata ƙungiyar masana ta ƙasashe da yawa, a ƙarƙashin jagorancin hukumar ICRISAT, wadda ke da cibiyar bincike a Sadore kusa da Yamai, ta buga karatun littafin hatsi. Sun iske haruffa wajen miliyan 1,800, da babi fiye da 38,000.

To, ga inda tambayar dattijo ta fito. Ƙwayar rai ta saiwa, da ta ganye, da ta zangarniya, duk littafinsu ɗaya ne, babu harafin da wannan ta fi waccan. Abin da ya bambanta su shi ne babin da aka buɗe da wanda aka rufe. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa gane wannan magana. Dukan takardun ma'aikata suna nan cikin ofis, amma dosiyen da ke aiki shi ne wanda aka kwance aka aza bisa tebur. Wanda aka ɗaure da igiya aka tura ƙarƙashin ma'ajiya, ko da sa hannun minista a kansa, barci yake yi.

Zare da kwarkwaro

Yaya ake ɗaure babi a cikin ƙwayar rai? Sai mu dubi tsawon zaren tukuna. In da za a warware ADN na ƙwayar rai guda ta hatsi a miƙe shi, zai wuce mita ɗaya, alhali kuwa cibiyar da ke riƙe da shi faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. In muka riɓanya kome sau dubu goma domin ido ya gani, daidai yake da a ce maka ka zuba zare mai tsawon kilomita 12 cikin ɗan ƙoƙon shan fura, kada ya sarƙe, kada ya tsinke, kuma duk sa'ad da aka nemi wani wuri a tsakiyarsa ka fid da shi nan take. Kowane masaƙi ya san dabarar: zaren da ba a naɗe a kwarkwaro ba, asara ne.

Kwarkwaron ƙwayar rai wasu furotin ne da ake kira histon. Wani Bajamushe mai suna Albrecht Kossel ya fara gano su cikin jinin tsuntsu a shekarar 1884, watau shekarar da Sarkin Damagaram Tanimun ya rasu, shi wanda har yau ake ba da labarin tsananin hukuncinsa a kan mai saran gawo. An daɗe masana da yawa na ɗaukar histon kamar ƙaiƙayi ne da aka cusa don cika wuri. Sai a 1974 Ada Olins da Donald Olins a Amurka suka ga zaren da babban madubi, ya yi kama da tasbaha, Roger Kornberg kuma ya bayyana yadda aka gina kowane ɗan tasbahar. A 1975 mutanen Pierre Chambon a Strasburg ta Faransa suka raɗa masa suna nukliyozom, a 1997 kuma aka fid da cikakkiyar siffarsa a Zurik. Histon takwas ne ke haɗuwa su yi kwarkwaro ɗaya, biyu-biyu daga iri huɗu masu suna H2A, H2B, H3 da H4, zaren ya kewaye su sau biyu ba kaɗan, tsawon haruffa 147, sa'an nan ya wuce zuwa kwarkwaro na gaba. A ƙwayar rai guda ta hatsi akwai irinsu fiye da miliyan 15. Zaren da kwarkwaronsa gaba ɗaya shi ake kira kromatin, shi ne kuma ake tattarawa dami-dami. Hatsi na da dami 14, dawa 20, wake 22, ɗan Adam 46.

Inda aka matse kwarkwaro suka cunkushe, ba mai iya karanta abin da ke jikin zaren, babin ya rufu ke nan. Inda aka sassauta ko aka janye su, karatu ya samu. Bugu da ƙari, ana buga wa histon wasu alamu kamar tambarin ofis, wani tambarin na cewa a buɗe, wani na cewa a rufe.

Abin da ya sa amarya ba ta kai kanta

Akwai matsala guda. Zaren ADN na ɗauke da lantarki mai alamar ragi, histon kuwa na ɗauke da mai alamar ƙari, saboda haka suna fizgar juna kamar maganaɗisu da allura. In ka zuba su wuri ɗaya cikin kwalba haka kawai, ba za su naɗu da tsari ba, sai su cure su dunƙule, kamar garin da aka antaya cikin tafasasshen ruwa ba a yi talge ba, tuwon ya ƙare a gudaji.

A shekarar 1978 wani masani a Kambirij ta Ingila, Ron Laskey, yana aiki da ƙwan wani kwaɗon Afirka mai suna Xenopus, ya gano wani furotin da ke riƙe histon, ya rufe masa wannan kwaɗayi nasa, ya kai shi wurin da ya dace a jikin zaren, ya sauke shi a hankali, sa'an nan ya janye jikinsa. Da ya nemi sunan da zai ba shi sai ya ari kalmar chaperon, wadda waɗanda suka yi karatun Faransanci suka san tana nufin dattijuwar da ke raka budurwa domin kada ta faɗa hannun da bai kamata ba. Mu a Hausa muna da abin da ya fi wannan dacewa. Amarya ba ta kai kanta ɗakin miji. Ƴan rakiya ke ɗaukarta, su tsare ta a hanya, su danƙa ta inda aka ɗaura aure, su yi sallama su koma gidajensu, ba su zama cikin auren. Haka waɗannan furotin suke, don haka a wannan fili ƴan rakiya za mu kira su.

Ba su da aiki iri ɗaya, kowa da ƙofar da yake tsaro. Akwai ASF1, wanda yake kamar babban ɗan sari: shi ke karɓar sababbin H3 da H4 daga inda aka ƙera su, ya miƙa wa ƴan rakiya biyu da ke gaba. Na farko CAF-1, wanda mutanen Bruce Stillman suka gano a Amurka a 1989. Shi aikinsa lokacin da ƙwayar rai za ta rabu biyu ne. Kafin ta rabu tilas a kwafe zaren duka, tsofaffin kwarkwaro a raba su tsakanin zare biyu, kowane zare ya sami rabi, shi kuwa CAF-1 yana biye da mai kwafin sau da ƙafa yana cike guraben da sababbi. Na biyu HIRA, mai aikin gyara a sauran lokuta, wanda ke maye gurbin kwarkwaron da ya faɗi a babin da ake yawan karantawa. Geneviève Almouzni da abokan aikinta a Cibiyar Curie ta Paris suna cikin waɗanda suka rarrabe aikin waɗannan biyu a farkon shekarun 2000. Abin sha'awa, H3 ɗin da CAF-1 ke ɗauka da wanda HIRA ke ɗauka a jikin tsiro, cikin gaɓoɓi 135 da aka jera aka gina su, huɗu ne kawai suka bambanta, amma ko kusa ɗan rakiya ba ya ɗaukar amaryar wani. Sai dangin NAP1 da NRP masu kula da H2A da H2B. Sai kuma FACT, wanda ke tafe tare da mai karatun babi, yana ɗage masa kwarkwaro a gaba, yana mai da shi a baya, kamar planto nagari da ke kwance dosiye ya kuma ɗaure shi yadda ya same shi.

Ranar da ɗan rakiya ya yi fashi

Ba a san amfanin mai aiki sai ranar da bai zo ba. Yawancin gwajin da zan ambata an yi shi ne a kan wata ƴar ciyawar Turai, dangin kabeji, mai suna Arabidopsis, wadda ba a ci ba a sayarwa, amma masana ke ƙaunarta domin littafinta gajere ne, an gama karanta shi tun 2000, kuma cikin wata biyu takan tsiro ta yi ƴaƴa.

A kan kowane toho da bakin kowace saiwa akwai wasu ƴan ƙwayoyin rai da ba su zama ganye ba, ba su zama saiwa ba, aikinsu rabuwa kawai. Su ne jarin tsiro. In ɗaya ta rabu biyu, guda ta tsaya a matsayin uwar kuɗi, guda ta fita a matsayin riba, ta je ta zama ganye ko hure. Gawon da ya shekara ɗari da wannan ɗan jari yake juyawa tun yana tsiro. A 1992 Ottoline Leyser da Ian Furner a Kambirij suka bayyana wasu ƴan ciyawar nan masu lahani, waɗanda karansu maimakon ya tashi zagaye sai ya baje kamar ɗamara, ganyensu ya fito barkatai, saiwarsu ta gajarce. A 2001 masana a Kyoto ta Japan suka gano cewa abin da ya lalace a jikinsu shi ne CAF-1. Babin nan mai suna WUSCHEL, wanda ke faɗa wa ƙwayoyin kan toho su tsaya a matsayin jari, ya kasa zama wuri ɗaya: yau a buɗe nan, gobe a buɗe can. Watau lissafin kanti ya rikice, an daina sanin uwar kuɗi da riba. Rubutun babin lafiyarsa lau, naɗin ne ya ɓaci.

A jikin ɓera, in aka rasa babban sashen CAF-1, ɗan tayi ba ya wuce kwanakin farko. Tsiro kuwa yakan rayu da lahaninsa har ya yi iri, shi ya sa aka sami damar bin zuriyarsa. A 2010 masana a Brno ta ƙasar Cek suka nuna cewa daga tsara zuwa tsara bakin dammunan zaren, wanda yake kamar kalmasar bakin zane, sai ƙara zaizayewa yake yi, kuma wasu babi masu muhimmanci da ake ajiye da kwafinsu ɗaruruwa suna ta raguwa. Sakacin ɗan rakiya a zamanin kaka, jika ke biyansa. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka wannan ne ke sa irin hatsin da ya saya ya sāke bayan shekara biyu ko uku. Wannan kam galibi iska ce ke kawo bunnin gonar maƙwabci ya cuɗanya da nasa.

Sauran ƴan rakiyar ma haka. A 2006 masana na Strasburg da na Shanghai suka nuna cewa in aka rasa NRP guda biyu, saiwa takan tsaya da girma tun tsiron yana ɗan kwanaki. A 2011 suka nuna in aka rasa ASF1 guda biyu, tsiron yakan tsumbure. In FACT ya yi rauni, ciyawar takan yi gaggawar fid da hure, ƴaƴanta kuma su ragu. In HIRA ne babu, haihuwa takan yi ƙaranci. Tun daga tsirowa har zuwa cikar ƙwaya, babu matakin da ba su da hannu a ciki.

Har tunawa tsiro yake yi, kuma da taimakonsu. Wasu irin ciyawar nan ba su yin hure sai sanyin hunturun Turai ya ratsa su makonni. Caroline Dean da mutanenta a Cibiyar John Innes ta Ingila sun shekara da shekaru suna nuna yadda sanyin ke sa a buga tambarin rufewa a kan wani babi mai suna FLC, mai hana hure. Bayan sanyi ya wuce, ƙwayoyin rai suna ta rabuwa, amma babin yana nan a rufe. A 2017 Danhua Jiang da Frédéric Berger a Viyana suka nuna cewa irin H3 ɗin da CAF-1 ke saukewa lokacin kwafi shi ke sauƙaƙa mai da tambarin a kan sababbin kwarkwaro. Da haka ƙwayar da aka haifa cikin ɗumi take gadon labarin sanyin da ba ta gani ba. Mu nan tsironmu ba sanyi yake jira ba. Maiwa da dawar gargajiya da waken gida tsawon yini suke aunawa, sai ya fara raguwa su yi ciki. Amma a shinkafa, wadda ita ma tsawon yini take bi, an iske babin da ke ba da izinin hure da irin waɗannan tambura ake buɗe shi, ake rufe shi.

Maganar zafi

Nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. A 2010 masana a Viyana suka sa ciyawar nan cikin zafi mai digiri 37 har awa 30. Sai kwarkwaro suka sassauta, wasu suka zube, wuraren da aka daɗe da rufewa cikin littafin suka buɗe. Da aka mai da ita cikin sanyi, cikin ƴan kwanaki aka sake naɗe zaren, kome ya koma daidai. Amma waɗanda ba su da CAF-1 sun daɗe ba su murmure ba. A wannan shekara kuma Vinod Kumar da Philip Wigge a Ingila suka nuna cewa akwai wani histon na musamman, H2A.Z, da ke zaune a bakin babi da yawa kamar gambu, in zafi ya ƙaru sai ya janye. Tsiron da aka hana shi sa wannan histon yakan yi kamar kullum cikin zafi yake, ya yi zanƙalƙal, ya yi hure da wuri. A 2013 aka gwada wata ciyawa ƴar uwar alkama, aka ga ta wannan hanya zafi ke rage nauyin ƙwaya lokacin da take cika. Mai awo da tiya ya san abin da hatsi marar nauyi ke nufi.

Yanzu mai karatu ya dubi wannan digiri 37 da ya gigita ciyawar Turai. A Matamaye cikin watan Afrilu da Mayu, ranar da ma'auni ya tsaya a 37 cikin inuwa sai mu ce yau an yi sauƙi. Lokacin shukar fari, rairayin gona da tsakar rana yakan wuce digiri 50, kuma a cikinsa ɗan tsiron hatsi mai kwana uku yake tsaye. Wani ya ƙone, manomi ya sake shuka da irin da ya ci bashi, wani kuwa ya jure. Littafin da aka karanta a 2017 ya nuna hatsi na da yalwar babin da ke yin kakin rufe ganye, abin da ake ganin yana taimakonsa ga zafi da fari. Amma kowane tsiro da ya kwana ya tashi bayan irin wannan rana, sai da ƴan rakiyarsa suka kwana suna naɗin abin da zafi ya warware. Ilimin da duniya ke nema yau saboda ɗumamar yanayi, gwanayensa suna cikin rumbunan Kance da Magariya da Mirriya.

Manomanmu kuma ba su zauna jiran kowa ba. Masana na Faransa da na Nijar sun gwada irin hatsin da aka tara a ƙauyuka 79 na ƙasar nan a 1976 da wanda aka sake tarawa a ƙauyukan a 2003, suka buga sakamakon a 2011. Hatsin 2003 ya fi saurin yin bunni, zangarniyarsa ta fi gajarta. Shekarun fari da hannun mai zaɓen iri sun sāke rubutun littafin kansa. Wannan rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne naɗin, wanda muka yini muna magana a kansa.

Ina ruwan ɗan kasuwa da ma'aikaci?

Ga ƴan kasuwa, gargaɗi tukuna. Wannan ilimi yana ɗakin bincike har yanzu. Duk wanda ya zo muku da buhun iri ya ce an gyara masa histon, ku riƙe aljihunku. Amma kada ku ce zancen naɗin zare ba ya taɓa kuɗi. A shekarun 1980 manyan gonakin kwakwar manja a Malesiya suka dasa itatuwan da aka riɓanya cikin kwalba daga uwa ɗaya mai yawan mai, da zaton ƴaƴa za su gaji uwa tun da littafinsu ɗaya. Bayan shekaru ana ban taki, da yawa suka yi ƴaƴa naƙasassu marasa mai. Sai a 2015 aka gano dalili: babu harafin da ya sāke, wata alamar rufewa ce ta goge daga wuri guda a jikin zaren. Wanda ke sayen iri da dashe daga waje, ko yake ba manoma bashin iri, ya kamata ya san akwai abin da ke cikin ƙwaya wanda sikeli ba ya aunawa. Kuma in kun ga manomi ya riƙe irin kakanninsa ya ƙi sayarwa ko da tiya ta yi tsada, kada ku ce masa bagidaje. Ajiya yake yi wa ƙasa.

Ga ma'aikata kuwa, musamman masu tsara kasafin kuɗi, magana ta fi nauyi. An kafa INRAN tun 1975, tana da tashar Tarna a Maraɗi, ita ta ba manoma irin HKP da ire-irensa. Muna da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu, a Khartum a 2006 kuma aka amince da ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasa domin bincike. Alkawari kaya ne. Littafin hatsi a buɗe yake a intanet, kyauta, yaron da ya iya kwamfuta zai iya neman babin CAF-1 da ASF1 da HIRA a cikinsa daga Damagaram. Abin da zai bi baya, watau a gwada irin da ke jure zafi da wanda ke ƙonewa a ga yadda kowannensu ke naɗe zarensa, shi ne ke bukatar ɗakin gwaji, da lantarkin da ba ya yankewa, da sanyin ajiye iri, da albashin da zai hana masani tsallaka teku. Masanan Turai sun yi wa ciyawarsu, na Sin sun yi wa shinkafarsu. In mun zauna, wata rana za a zo a ɗebi irin Matamaye da tiya, a komo mana da shi cikin ƴar leda da tsada, mu kuwa mu yi layi. Ga malaman lise kuma roƙona kaɗan ne: ranar da za ku koyar da darasin ADN, ku shigo aji da gaɓar rake da kwarkwaron masaƙi.

Kafin in baro Matamaye na koma wurin dattijon nan. Na ce masa, "Baba, gawo da littafinsa, hatsi da nasa. Na gawo ya ce a rufe babin ganye da damina, tun da saiwarsa ta kai ga ruwan ƙasa, ba ta jiran na sama. Na hatsi ya ce a yi sauri kafin ruwa ya ɗauke. Amma masu kwancewa da ɗaurewa, masu kai kowane kaya inda aka ce a kai shi, irinsu ɗaya ne a jikin duka biyun, har da jikina da naka." Ya yi shiru yana kallon ƴan dako na loda masa buhunna a mota, can ya ce, "Ashe har cikin ƙwaya kaya ba ya kai kansa kasuwa." Sa'an nan ya sa aka auna mini tiya biyu ta hatsin bana, ya ce in kai wa mahaifina, in gaya masa kuɗin biron sun fara fita.